Kiwon kifin teku a gida: matatar gaske ba a cikin kwali take zuwa ba

Daga cikin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram masu safara zuwa Dubai da Gwanzu, da ma'aikatan gwamnati masu zuwa taro Dakar ko Abijan, kaɗan ne ba su taɓa tsayawa a zauren wani otal ba, gaban akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, kifaye ja da shuɗi da rawaya suna kai da kawowa tsakanin duwatsu. Wannan akwati shi ake kira akwariyom. Sha'awarsa kan kama mutum nan take, balle ɗan ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wanda daga birnin Yamai sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin ya ji rurin ruwan Kwatano. Mai kanti kuwa ba ya rasa abin faɗi: ga akwati, ga fitila, ga matata a cikin kwalinta, a zuba ruwa da gishiri, a jona wuta, shi ke nan. To amma mako biyu ko uku bayan an saki kifayen, sai a wayi gari sun kwanta a gindin akwati, alhali ruwan yana nan tas kamar ba abin da ya faru. Daga nan a shiga zargin mai kanti, wani ma ya ce bakin mutane ne. Jikkuna masu yawa sun salwanta, ga alhakin rayukan da aka ɗauko daga muhallinsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, kifin teku da tarwaɗa ba halinsu ɗaya ba. Tarwaɗar tabkin Madarunfa ko na Tabalak ta saba da wuya: ko ruwa ya janye, ya yi zafi, ya koma taɓo, tana iya leƙo kai ta shaƙi iska, gaiwa ma har shigewa laka take yi, ta share watanni tana jiran damina. Shi kuwa kifin da ke zaune tsakanin duwatsun murjani, ya fito ne daga ruwan da zafinsa da gishirinsa kusan ba sa canjawa daga shekara zuwa shekara, kuma duk ƙazantar da ya fitar, faɗin teku ya shanye ta. Litir 200, wato cikin tano ɗaya, ba shi da wannan faɗi. Saboda haka duk kayan da za a saya, aikinsu guda ne: su hana wannan ɗan ruwa canjawa.

Matata mai rai

Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniyak, irin abin nan mai yaji a hanci da ke tashi daga garken awaki da safe. Ragowar abinci idan ya ruɓe, shi ma amoniyak yake komawa. Ido ba ya ganinsa, auduga ko soso ba sa tare shi, domin narkewa yake yi a ruwa kamar sukari a shayi. Kuma dafinsa ya fi tsanani a ruwan teku, saboda ruwan teku ya karkata wajen kanwa-kanwa, abin da masana ke aunawa da ma'aunin pH su sami ɗan sama da 8. Idan zafi ya ƙaru, dafin ya ƙara ƙaruwa. Ƙasa da miligiram ɗaya a cikin litir ya isa ya ƙone mashaƙar kifi, wato jan abin nan da ke ƙarƙashin kumatunsa.

Masu kawar da wannan guba wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, waɗanda wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware su ya bayyana aikinsu a shekarar 1890. Wani rukuni yana cin amoniyak ya mai da shi nitirit, wanda shi ma guba ne. Wani rukunin ya ci nitirit ya mai da shi nitirat, wanda kifi ke iya jure wa matsakaicinsa. Waɗannan halittu ba a cikin ruwa suke yawo ba, mannewa suke yi a jikin dutse da yashi, kuma haihuwarsu tana da nawa ƙwarai. Sabon akwati yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Abin da ke cikin kwalin mai kanti gida ne kawai da aka gina musu. Ranar da aka buɗe kwalin, ba kowa a cikin gidan.

Ke nan, a cikin waɗannan makonni akwatin zai zauna ba kifi. Ana jefa ɗan tsunkulin abincin kifi ya ruɓe, a riƙa aunawa da ƴan kwalaben gwaji bayan kowane kwana biyu ko uku. Za a ga amoniyak ya hau ya sauka, nitirit ya biyo baya shi ma ya hau ya sauka. Sai dukansu biyu sun koma sifiri ake sakin kifi, ɗaya ko biyu, a jira mako biyu kafin a ƙara wani, domin rundunar bakteriya daidai da abincin da ta samu take yawaita. Akwai bakteriyar kwalba da ake sayarwa don gajarta jiran, tana kuma taimakawa idan ba ta gasu a hanya ba, amma ba ta ɗauke wajibcin gwaji. Kwalaben gwajin nan, na amoniyak da nitirit da nitirat da pH, su ne mafi arha a cikin kayan, su ne kuma aka fi mantawa da su a kanti. Suna da wa'adi a rubuce, zafi kuma yana lalata su.

Mafi kyawun mazaunin bakteriya shi ne dutsen teku mai ramuka kamar soso. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin kilo 1 ga kowane litir 10, wato kilo 20 ga akwatin litir 200. Fa'idar dutsen biyu ce. A bayansa, inda ruwa mai iska ke wucewa, masu cin amoniyak da nitirit suke zaune. A can cikin ramukansa kuwa, inda iska ba ta kai, akwai wasu da ke farfasa nitirat su mai da shi iskar da ke ficewa daga ruwan. Babu matatar roba da ke yin wannan aiki na biyu yadda dutse ke yi. Wani mai kiwo a Jakarta ta Indunisiya, Lee Chin Eng, shi ya fara yaɗa wannan hanya a 1961, mutane da yawa suka ƙi gaskata shi. Daga baya masu kiwo na birnin Berlin suka haɗa dutse da injin kumfa da haske mai ƙarfi, tsarin da har yau ake kira da sunan birninsu. Shi kuma Jean Jaubert na Faransa, a ƙarshen shekarun 1980, ya nuna cewa shimfiɗar yashi mai kauri tana iya yin kwatankwacin aikin, har aka rayar da murjani da ita a gidan adana halittun teku na Monako.

Dutsen iri biyu ake sayarwa. Akwai rayayye, wanda aka ciro daga teku da halittunsa a jiki, akwai kuma busasshe. Ga mazaunin wannan ƙasa busasshen ya fi, don kuwa rayayyen ba zai kai Maraɗi da rai ba a bayan kamiyo. Abin da zai iso ruɓaɓɓen abu ne mai wari da zai cika akwati da guba. Busasshen yana rayuwa da kansa idan an yi haƙuri. Marmara ba ta shiga, saboda ƙarfen da ke cikinta. Wani zai tuna cewa farin dutsen Adar, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, asalinsa gindin wata tsohuwar teku ce da ta rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce, har ana tsintar kwanson halittun ruwa a cikinsa. Haka ne. Sai dai dutsen ya cika tauri, ramukansa kaɗan ne, kuma ƙasar Tawa sananniya ce da fosfat, wanda shi ne takin gansakuka. Wanda ya nace sai ya jiƙa shi makonni a wani tano dabam, ya auna ruwan kafin ya amince.

Motsin ruwa da ɗaukewar wuta

Bakteriyar da kifin duk iskar oksijan suke shaƙa, ruwan teku kuwa rowar iska gare shi: abin da yake riƙewa ya gaza na ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100, kuma yana daɗa raguwa idan ruwa ya ɗumama. Iska tana shiga ne ta fuskar ruwa, idan fuskar tana motsi. Tun a 1846 wata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, ta gane haka. Ta ɗauko murjani mai rai daga gaɓar teku zuwa gidanta a Landan, ta sa ana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, kimanin rabin sa'a ko fiye kowace rana, murjanin ya rayu shekaru. Ba ta da matata, ba ta da lantarki.

A yau ƙananan injunan tura ruwa ne ke yin wannan aiki. Ana so su juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a kowace sa'a, wato litir 2000 zuwa 4000 ga akwatin litir 200. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya: idan ɗaya ya lalace, ɗaya yana aiki, kuma idan suka fuskanci juna ba a samun lungun da datti zai kwanta. A karkata bakin ɗaya sama, yadda fuskar ruwa za ta riƙa rawa.

A nan ne shawarar littattafan Turai take bukatar gyara, domin an rubuta su ne inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Matatar da masu kanti suka fi tallatawa ita ce rufaffiyar tukunya da ake ajiyewa ƙarƙashin akwati, ruwa ya shiga ta tiyo ya fita ta tiyo. Kyakkyawa ce, ba ta ƙara. Amma idan wuta ta ɗauke na sa'o'i, iskar da ke cikin tukunyar ta ƙare, bakteriyar ta mutu, dattin da ta tara ya soma ruɓa. Ana maido da wuta sai injin ya tura wannan ruɓaɓɓen ruwa kai tsaye kan kifaye. Mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su bukatar a yi musu bayanin ɗaukewar wuta a bazara, kuma sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a wancan lokaci ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi. Dutse a cikin buɗaɗɗen akwati ya fi rufaffiyar tukunya jure wa irin wannan hali nesa ba kusa ba.

Saboda haka kuɗin da za a kashe wa tukunya, gara a sayi batir da su. Lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfa 100, ko da rabin ƙarfinsa kawai aka ja don kada ya lalace, zai riƙe ɗan injin wat 10 har sa'o'i 60, kwana biyu da rabi ke nan. Wanda ke da faifan hasken rana a kan rufinsa ya riga ya yi rabin aikin. Akwai kuma ƴar na'urar busa iska mai aiki da batir ɗin tocila, wadda ya kamata a ajiye a kusa kamar yadda ake ajiye fitila. Gurup yana da amfani, amma sai da mai tayar da shi, wuta kuwa ba ta sallama kafin ta ɗauke da tsakar dare.

Wasu akwatunan suna zuwa da ƙaramin kwarami na biyu a ƙasa, inda ake ɓoye kayan aiki, ruwa ya gangara can, inji ya maido shi sama. Tsari ne mai kyau, yana ƙara yawan ruwa. Sai dai kafin a saki kifi a kashe wuta da gangan, a tsaya a ga ko na ƙasa zai iya ɗaukar duk ruwan da zai gangaro. Idan ba zai iya ba, ranar farko da wuta ta ɗauke kafet ɗin zaure ne zai sha.

Zafi

Kifin murjani yana son digiri 24 zuwa 27. A Yamai, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin da ba shi da na'urar sanyi kuma ba ya hucewa ko da dare. Injuna da fitila su ma suna ƙara wa ruwa ɗumi. Da zarar ruwan ya wuce digiri 30 ya daɗe a haka, iska ta ragu, dafin amoniyak ya ƙaru, kifi ya riƙa haki a saman ruwa. Littafin Bature zai ce a fara sayen na'urar ɗumama ruwa. A Sahel na'urar sanyaya shi ce ta farko, kuma sau da yawa ita ce mafi tsada a duk kayan. Aikinta irin na firigo ne, ruwa ya ratsa ta ya fito da sanyi, ita kuma ta fitar da zafin cikin ɗaki, don haka ba a kulle ta cikin kabad. Wanda ɗakinsa ke da na'urar sanyi dare da rana yana iya wadatuwa da ita, in dai ya yarda da takardar kuɗin wuta.

Akwai dabara mai sauƙi, ita ce ta randa da tulu: a ɗora ƴar fanka ta riƙa busa fuskar ruwa, tururin da ke tashi ya tafi da zafi. Tana rage digiri 2 zuwa 3, musamman idan iska busasshiya ce. Idan damina ta gabato, iska ta yi laima, ƙarfinta ya ragu. A ranar tsanani ana iya jefa gorar ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, ba ƙanƙara tsirara ba. Akwatin kuma kada ya zauna inda rana ke leƙowa ta taga, ko jikin bangon yamma. Duk da haka ƴar na'urar ɗumama mai kashe kanta tana da ranarta, a dararen Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke saukar da zafi ƙasa da digiri 18.

Gishiri da ruwa

Kowane litir na ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. Kusan kashi 85 cikin 100 na wannan shi ne gishirin miya da kowa ya sani. Sauran kuwa magneziyom ne da sulfat da kalsiyom da fotasiyom da wasu ƴan ƙanana, waɗanda su ke riƙe da daidaiton ruwan. Don haka kantu da beza na Bilma, duk da darajarsu, ba su da wuri a nan, haka ma gishirin leda. Ko gishirin da aka shanya daga teku a Kawlak ta Senegal ba ya maido da ruwan teku, domin wajen shanyawa kalsiyom ɗinsa yana rabuwa ya daskare tun da wuri. Sai haɗaɗɗen gishiri na musamman, irin su Instant Ocean ko Tropic Marin. Ana kaɗa shi a tano dabam, a zuba gishiri cikin ruwa, inji ya juya shi kwana guda kafin a yi amfani da shi.

Ɗan kasuwa zai so ya yi wannan lissafi tun kafin ya sayi gilashi. Cikon farko na litir 200 zai ci kilo 7. Sannan ana canja kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako don rage nitirat, wato litir 20, giram 700. A shekara abin ya kai kilo 36. Bokiti biyu ke nan na kilo 20 kowace shekara, har iyakar rayuwar akwatin, kuma duk daga waje za su zo. Waɗanda suka ga yadda rufe iyakar Benin a 2023 ya karkata kaya zuwa hanyar Lome da Burkina Faso, da jinkirin da ya biyo baya, sun san ba a jira bokiti ya ƙare kafin a yi odar wani.

Ruwan da za a haɗa gishirin da shi ma abin dubawa ne. Ruwan pompo yana da kulor, na rijiya da na foraj suna iya ɗaukar nitirat da ma'adinai iri-iri, kuma haskensa ba shaida ba ne. Mutanen Tibiri ta Gobir ba su manta da forajin shekarun 1980 ba, wanda ruwansa fes yake a ido amma yawan fulor ɗinsa ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Maganin shi ne ƴar matatar da Faransawa ke kira osmoseur, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, ya fito kusan ba komai a cikinsa. Aibinta shi ne, a kan kowane litir ɗaya mai kyau tana zubar da uku ko huɗu. A Damagaram, inda kowa ya san darajar bido ɗaya, bai kamata wannan ruwa ya bi kwata ba. A tara shi don wanki da ban ruwan itace.

Ga kuskuren da ya fi kashe kifin sabon shiga bayan gaggawa. Ruwa yana tashi sama, gishiri ba ya tashi. Da haka ne ma masu aikin gishiri a Bilma da Tigidda suke samun abincinsu. A lokacin hunturu, ko idan fanka tana busawa, akwati yana iya rasa litir da dama a yini, gishirin da ya rage ya ƙara kauri. Ciko ana yinsa ne da ruwa tsantsa marar gishiri, kowace rana, kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika da ruwan gishiri, cikin wata guda ya mai da akwatinsa rijiyar Bilma. Ana auna kaurin da ma'auni, a riƙe shi wajen 1023 zuwa 1025 kada ya riƙa hawa da sauka. Ma'aunin roba mai allura yana yaudara idan kumfa ta maƙale masa ko zafi ya sauya. Mai kama da ƴar tabarau, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa, ya fi gaskiya. Araha ba ta ado.

Sai injin kumfa, wanda a takardun kaya ake rubuta écumeur. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sheƙa shayi daga sama har kumfa ta taru a bakin kofi ya fahimci rabin aikinsa. Injin yana kaɗa ruwa da dubban ƙananan ƙwayoyin iska, datti mai maiƙo ya manne a jikinsu, kumfar ta hau ta zuba cikin wani ɗan kofi, a kwashe ta baƙa mai wari a zubar. Wato yana fitar da ƙazanta tun kafin ta zama amoniyak, yana kuma ƙara iska. A ruwan daɗi ba ya aiki sosai, gishiri ne ke sa kumfar ta tsaya. Mai kifi biyu ko uku da ba ya fashin canjin ruwa zai iya jinkirta sayensa. Mai son ƙari ba shi da makawa. Amma akwai hatsarin da ba a rubuta a kwalinsa ba. Iskar ɗaki yake zuƙa ya cusa cikin ruwa, maganin sauro na feshi da na ƙonawa kuwa guba ne mai kisa ga kifi ko da ɗan kaɗan ne. Ɗakin da akwariyom yake ba a fesa shi, ba a kunna igiyar sauro a ciki, turaren wuta ma a nisanta shi. Wannan magana a fara yinta da uwargida tun kafin kaya su iso.

Sauran kayan ba su da dogon bayani. Auduga ko soso na tare ɓarɓashi yana da kyau idan ana wanke shi bayan kowane kwana uku. Idan an bar shi, ya zama masana'antar nitirat. Gawayin tacewa, wanda aka sarrafa musamman, ba na murhu ba, yana cire rawayar ruwa, a canja shi kowane wata. Fitila idan kifi kaɗai ake kiwo ta ado ce, ƙaramar LED ta wadatar, ba ta kuma dafa ruwa. Murfi na raga yana hana kifi tsalle. Ƙarfe, tagulla da jan ƙarfe kada su taɓa ruwan: na farko tsatsa yake yi, na biyun kuwa dafi ne ga duk wata halittar teku marar ƙashi. Akwatin litir 200 da ruwansa da dutsensa da gilashinsa yana kusan kilo 300, nauyin buhun siminti 6, don haka teburin zaure ba zai ɗauka ba. Kuma kada a ruɗu da ƙaramin akwati na litir 30 ko 40 wai don koyo: ƙaramin ruwa shi ya fi saurin zafi da saurin ɓaci, kamar yadda ƙaramar tukunya ta fi saurin tafasa.

Abu ɗaya ba a yin ciniki a kansa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan daɗi, wutar gida kuwa bolt 220 ce, ga hannun mai gida da na yara kullum cikin ruwa. Dole mai gyaran wuta ya sa wa layin akwatin makashin nan mai yanke wuta da kansa da zarar ta ɓalle, mai miliamfa 30, a kuma ɗaga wurin jona wayoyi sama da ƙasa, yadda ruwan da ya bi waya zai ɗiga kafin ya kai soket.

Game da kifin kansa, mafi dacewa da mai farawa shi ne ɗan ruwan goron nan mai farin zane, wanda yara ke kira Nemo tun bayan fim ɗin 2003. Tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyasar sa a gonakin kifi, ya saba da abincin gwangwani, biyu sun zauna lafiya cikin litir 200. A tambayi wanda aka haifa a gona, domin a wasu sassan Filifin da Indunisiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar siyanur, kifin ya iso kanti da kyan gani, ya mutu bayan makonni a hannun mai saye. Shuɗin abokinsa na cikin fim yana kai kusan santimita 30, ba na wannan akwati ba ne. Murjani mai rai kuma a bar shi sai an shekara ana kiwon kifi ba asara. Ga shi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Nijar ta shiga tun 1975, kuma mai ƙashi daga cikinsa, ko matacce ne, sai da takardar izni yake ƙetare dwan.

Saura tafiya. Ɗan kasuwa yakan yi mako uku a waje, ma'aikaci yakan tafi rangadi, akwatin ya koma hannun yaron gida, wanda don tausayi zai riƙa zuba abinci duk lokacin da kifi ya matso gilashi. Kafin a tashi, a ƙulla abincin kowace rana a ƴar takarda dabam, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, a ɓoye gwangwanin. A ja layi da alƙalami a jikin gilashi daidai bakin ruwa, a ajiye bidon ruwa tsantsa kusa da shi mai alama a jiki, a nuna wa yaron inda batir yake da wayar da zai jona idan wuta ta ɗauke.